Ƙyallen da Na Ɗaura a Hannuna

Zuwa ga ɗiyata Balkisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ki kin sauka Anka lafiya, ke da direba da duk wanda kuka haɗa mota da shi. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya kau da idon mugu daga kanki, Ya sa ki shiga aikin asibitin nan da ƙafar dama. Ki gaida Gwaggonki Hassi, ki ce na ba ta amana. Ki kuma gaya mata kada ta yarda in kin ce kin ƙoshi, don na san halinki da abinci.

Na cusa takardar nan cikin ƙunshin daddawa saboda na san shi za ki fara kwancewa. In ta ɗauki wari, sai haƙuri. Da baki na so in yi maki wannan magana. Kwana uku ina kewaya ki kina haɗa kaya, da na buɗe baki sai in ji ina tambayarki ko kin ɗauki bargo. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Akwai godiyar da ban taɓa yi maki ba shekara biyu ke nan, kuma ba ta yiwuwa sai na fara tona kaina. Wani abin kin sani, wani kin yi zato, wani kuwa ko Babanku bai ji shi ba. Bari in ɗauko maki daga tushe.

Kin tashi kin iske ni da sana'a biyu, gumar shinkafa, wato turara ta kafin a surfe, da wankan gawa. Ta farko ita ke ciyar da mu, ta biyu kuwa gado ce daga Innarmu, Kakarki Tumba, wadda ta yi shekaru tana wanke matan Bukkuyum. Ina 'yar budurwa ta fara sa ni riƙe mata buta. Ita ta koya mani yadda ake rufe mamaciya da zane, a fara da dama, a yi mata alwala, a sa ganyen magarya, a ƙare da kafur, a raba gashi gida uku. Ta koya mani cewa abin da ido ya gani a ɗakin nan, a ɗakin yake kwana. Kuma tana da wani hali nata ita kaɗai: ba ta wanke kowa da ruwan sanyi, ko da ana zafin da ƙasa ke ƙuna. Sai ta sa a ɗumama, ta tsoma gwiwar hannu ta ji, kamar za ta yi wa jariri wanka. Na taɓa ce mata ai mamaciya ba ta ji. Ta harare ni ta ce, "Ita ba ta ji, ke fa?"

Ranar da za a kawo ni Gummi gidan Babanku, ta riƙe ni ta ce in yi mata alkawari ɗaya, duk inda nake in ta cika ni zan wanke ta. Mutane kan ce ɗiya ba ta iya wa uwarta, zuciya ba ta ɗauka. Ita ta ce hannun da ta koyar shi take so. Na ɗauki alkawarin nan da sauƙi, don a lokacin ina ganin ba abin da zai iya shiga tsakanina da shi.

Kuskurena na farko girman kai ne. Da yayanku ya sai mani babbar waya, maƙwabciyarmu Larai mai ɗinki ta sa ni cikin wani zauren mata na waya da ake turo littattafai shafi-shafi. Kin san ni da karatu, ko takardar ƙosai na tsinta sai na duba. Na sha labaran soyayya da na zaman gida har na gaji da su. Rannan aka fara turo wani na ban tsoro, an rubuta a samansa cewa mai raunin zuciya kada ta karanta. Wallahi wannan layin ne ya ja ni. Na yi dariya ni kaɗai, na ce ni Rabi da na juya gawa ta fi a ƙirga, wace yarinya ce za ta zauna da waya ta tsorata ni? Ashe in ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba.

Ba zan ba ki labarin ba, don ba zan zuba maki abin da na sha wuya kafin in amayar ba. Na matsafa ne masu tone kabari. Amma ba irin tatsuniyar dodo da muka sani ba ce, wadda ake ce maki ya cinye ta a wuce. Wannan marubuciya ba ta wucewa. Sai ta tsaya a kan jikin mutum ta bi shi gaɓa-gaɓa, ta gaya maki ƙarar da wuƙa ta yi, da launin abin da ya fito, da warinsa. A wani shafi kuma ana cikin wanke wata gawa ta damƙe wuyan hannun mai wankan. Wannan kaɗai zan faɗa, don shi ne ya bi ni.

Ke ma yanzu za ki fara jin kanki, kin ga jini, kin ga rauni, kin ga haihuwa. Kada ki ce don haka zuciyarki ta zama dutse. Abin da kika gani a wurin aiki kin gan shi da niyyar taimako, hannunki na yin wani abu a kai, kuma yana ƙarewa ki wanke hannu. Abin da kika karanta don jin daɗin tsoro ba shi da inda za ki sa hannu, sai ya zauna a ciki yana juyawa. Duk inda kika ga an ce mai raunin zuciya ya kauce, ba gori ake yi maki ba, kuma ba wanda zai ba ki lada don kin daure.

Kuskure na biyu, jikina ya gaya mani in bari, na ƙi ji. Tun a kwanakin farko na daina iya yanka nama. Babanku ya kawo tsire, na ce ƙwannafi ke damuna. In na kai goshi ƙasa a sallah, sai hoton shafin jiya ya zo ya tsaya mani, in rasa raka'a ta nawa nake. Wata rana Babanku ya kama wuyan hannuna zai nuna mani wani abu, na yi ƙarar da ta sa kaji watsewa. Duk da haka, Balkisu, in an makara ba a turo sabon shafi ba, haushi nake ji. Ina tsaye bakin tukunyar shinkafa, tururi na dukan fuskata, waya na hannu, ina jin tashin zuciya ina ci gaba. Sau biyu ina ƙona shinkafar mutane. Abin kamar susar ƙaiƙayi ne, kina yi yana ciwo kina ƙarawa.

Abin da ya fi ba ni kunya ba tsoron ba ne. Wata ranar kasuwa aka zo da labarin wani ɗan acaɓa da mota ta buge a hanyar fadama. Mata na salati, ni kuwa sai na ji bakina yana tambaya, ina ne ya fashe, an ga ƙashi? Matar da ta kawo labarin ta dube ni ta ce ɗan ƙanwarta ne. Ban san inda zan sa fuskata ba. Ni da aka sani da rufa wa matattu asiri, ga ni ina neman a buɗe mani ɗan mutane in kalla.

Don haka ki riƙa sauraron jikinki, ya fi ki gaskiya. Abin da ya hana ki cin abinci, ya shiga tsakaninki da sallarki, ki ajiye shi ko saura shafi ɗaya ya ƙare. Ba dole ne ki san ƙarshen kowane labari ba. Kuma ranar da kika ji kina sha'awar kallon raunin majiyyaci fiye da jin sunansa, ki fita ki yi alwala ki dawo. Kada ki taɓa ɗaukar hoton ciwon wani, kada ki tura, kada ki tsaya kallo in an turo maki. Kowane rauni ɗan wata ne.

Na uku shi ne babba, kuma shi ne ƙarya. Ana cikin haka Jumma mai fura ta rasu, wadda ke bayan masallacin unguwarmu. Da hantsi ɗiyarta Hadiza ta zo kirana tana kuka. Na tashi zan ɗauko kayan wanka, na buɗe gwangwanin kafur, warin ya bugi hancina, sai na mai da murfin na ajiye. Na ji kamar an riƙe mani wuyan hannu. Maimakon in ce ina jin tsoro, sai na yagi tsohon zane na naɗe hannuna na dama, na fito na ce tururin shinkafa ya ƙone ni. Hadiza ta yi mani sannu ta tafi. Sai da aka je wata unguwa neman mai wanka, ba a same ta gida ba, aka jira. An gama kabari tun da safe, maza na zaune cikin rana, ba a kai Jumma ba sai bayan la'asar.

Da ƙarya ta yi mani rana sau ɗaya, sai na riƙe ta. Na bar ƙyallen nan a hannuna wata da watanni. In ya yi dauɗa in shiga ɗaki in sauya wani. Aka daina aiko mani, ni kuma ina ta godiya a zuci. Littafin ya ƙare, na fita daga zauren, na goge komai daga wayar, amma abin da ya shiga kai ba ya goguwa da yatsa. Kullum in na tuna Innarmu ta tsufa, ga alkawari a wuyana, sai in rasa mafita. Har na kai ina roƙon Allah Ya ɗauke ni kafin ita, ba don ƙauna ba, don kada asirina ya tonu. Dubi inda labarin da wata ta ƙirƙira a ɗakinta ya kai uwarki.

Lokacin ne kika dawo hutu daga makarantar koyon jinya. Kin tuna kin ɗauko 'yar jakarki kin ce in kawo hannun ki duba? Na daka maki tsawa, na ce yaushe aka haife ki da za ki koya mani jinyar ƙuna. Kika dube ni, kika dubi yadda nake ɗaga tukunya da hannun nan ba ko yamutsa fuska, kika mai da jakarki. Ki yafe mani wannan tsawa. Ba ke nake wa ba.

Ki ji da kyau: in tsoro ya kama ki, ki kira shi da sunansa a gaban wani. Ga Gwaggonki nan kusa, ga ni a waya. Cewa ina jin tsoro kunyar minti ɗaya ce. Ni na guje mata na sayi ta wata shida, kuma ba ni kaɗai na biya ba, kamar yadda za ki ji.

Sai ranar ta zo. Wata Talata da safe Kawunki Sani ya bugo daga Bukkuyum ya ce Innarmu ta cika bayan ta idar da sallar asuba. Hutunki bai ƙare ba, muka shiga mota ni da ke. Kowa ya ga ina kuka a hanya ya ce na rashin uwa ne. Rabinsa ne kawai, sauran na tsoro ne, kuma ina jin kunyar Allah da Ya san haka. Da muka isa, gida ya cika, an tafi haƙa, an yanko likkafani. Matan gidan suka buɗe mani hanya har ƙofar ɗakinta, don duk garin an san wasiyyarta. Wata tsohuwa ta ga ƙyallen ta ce, ayya, ga hannu ba lafiya, ko a kira wata? Ga ƙofa an buɗe mani ta gudu. Wallahi na buɗe baki zan ce to.

Ke kika riga ni. Kika ce hannun ya warke, ke za ki riƙe mani buta. Kika ja ni ciki kika saki labule. Na tsaya jikin bango, na kasa duban shimfiɗar, don na san abin da idona zai nuna mani ba uwata ba ce, abin cikin littafin ne. Kika kama hannuna kika warware ƙyallen a hankali. Fata lafiya lau, ko tabo babu. Na jira ki tambaye ni. Kika ninke shi kika tura cikin jakarki.

Sannan kika durƙusa gaban bahon da aka ajiye, kika naɗe hannun riga, kika tsoma gwiwar hannunki. Kika ɗago kika ce, "Inna, wanga ruwa da sanyi. Kaka ba ta son ruwan sanyi."

Balkisu, ban san me ya faru ba. Na dai ji wani abu ya sake ni. Na juya na duba, sai ga Innarmu kwance, da ɗan bakin nan nata kamar za ta yi faɗa. Ga kaushin dugaduganta da nake goge mata da dutse in na zo. Ga lallen da ya rage a farcenta, ga tabon da ɗan akuya ya yi mata a ƙauri tun muna yara. Na leƙa waje na ce a ɗumamo ruwa, maza su ƙara haƙuri. Da aka kawo na gwada da kaina. Na kama hannunta na dama, wanda na fi wata shida ina tsoron irinsa, na ji shi sanyi da laushi, hannun da ya yi mani kitso ne. Na wanke uwata yadda ta koya mani, kina zuba ruwa ina cuɗawa, muna kuka ba sauti. Warin kafur ya dawo warin aikina. Kafin azahar an kai ta.

Na gode, ɗiyata. Na gode da kika gane, na gode da kika yi shiru, na gode da ba ki bar ni na ce to ba. Da na bar wata ta wanke ta, da har in mutu ban yafe wa kaina ba. Shekara biyu kina da abin da za ki yi mani gori da shi ko a cikin wasa, ba ki taɓa ba. Allah Ya rufa maki asiri duniya da lahira yadda kika rufa mani.

Bayan an yi addu'ar bakwai na dawo Gummi, na tafi gidan Jumma da ƙafata na gaya wa Hadiza gaskiya. A nan na ji abin da ƙaryata ta haifa. Ashe wata ta gan ni ina surfe da hannun nan washegarin rasuwar, magana ta zaga cewa Rabi ta ƙi wanke Jumma, lalle akwai abin da ta sani game da ita. Yarinyar nan ta yi wata shida tana tunanin wane mugun abu uwarta ta aikata. Jumma da ba ta taɓa cin haƙƙin kowa ba ko na ludayin fura! Da na gama magana Hadiza ta yi kuka ta yi dariya, ta ce yanzu duk wannan a kan littafin waya ne? Ta yafe mani, amma ban tsaya nan ba. Ranar wani suna, gaban matan unguwa, na tashi na faɗa da bakina cewa tsoro ne ya hana ni, Jumma ba ta da laifin komai. An yi mani dariya, har yau Larai in ta gan ni sai ta ce ga jaruma. Na ɗauka, ya fi mani sauƙi a kan abin da na ɗora wa baiwar Allah tana kabari. In kin yi kuskure a wurin aiki, ki faɗa tun da zafinsa, don ba ki san wanda zai ɗauki nauyin shirunki ba.

Kada ki ce na hana ki karatu. Na san wayarki cike take da littattafai, kuma na san akwai na aljanu a ciki, kada ki yi mani musu. Karatu ya yi mani rana a rayuwa, har gobe ina yi. Larai ta karanta littafin nan har ƙarshe tana cin gyaɗa, ta yi barcinta lafiya. Kowa da inda ɗakinsa ke yoyo, ni nawa a nan yake, ban sani ba sai da ruwa ya sauko. Ke dai ki san naki. Kuma ko wannan wahala ina gode wa Allah da ita. Da can in yarinya ta tsaya bakin ƙofa ta kasa shiga ganin gawar uwarta, tsawa nake mata, in ce mamaci me zai yi maki. Yanzu sai in kama hannunta in tambaye ta abin da uwar ta fi so, mu shiga tare. A wurinki na koya. Za ki haɗu da masu tsoron allura da masu tsoron wuƙar likita, manya da furfurarsu. Kada ki yi masu dariya, ki tuna uwarki jikin bango.

Saura magana ɗaya. Lafiyata ƙalau, kada ki tashi hankalinki, jiya ma buhu biyu na guma. Amma abin da Innarmu ta roƙe ni shi nake roƙonki. Duk inda aiki ya kai ki, in an bugo maki, ki zo. Ke nake so. Shi ya sa nake maki kwaɗayin ki tsare idonki da zuciyarki daga abin da zai sa ki dube ni ran nan ki ga wani abu ba uwarki ba. Ƙyallen nan na san yana wurinki har yanzu, na gan shi a ƙasan akwatinki da nake sa maki yaji. Ki bar shi can, ya riƙa tuna maki.

Allah Ya kai ki lafiya Ya dawo mana da ke lafiya. Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga bayinSa, Ya haɗa ki da abokan aiki na kirki. Allah Ya jiƙan Kakarki da Jumma da duk waɗanda suka riga mu. Babanku na sa maki albarka, ƙannenki na gaishe ki, sun riga sun fara faɗa a kan katifarki.

In ranar ta zo, kada ki bari gaggawar maza ta ruɗe ki. Su jira. Ki tsoma gwiwar hannunki tukuna, kin san ni ma ba na son ruwan sanyi.

Wassalam.

Ni ce Innarki,
Rabi, daga Gummi.